Kitso a Dokin Ƙofa

Ranar Asabar nake zuwa gidansu a Hanwa,
da tsinke da man kaɗanya a ƙullin zane.
Gashin yarinyar santsi gare shi kamar miyar kuɓewa,
in na kama nan, can ya zame.
Sunanta Nibes. Shekara shida, giɓi biyu a gaba.

Uwarta Ilariya likitar shanu ce a Shika,
uban yana awon hanya wajen Kwangila, sai magariba.
Doka ɗaya suka kafa, a dokin ƙofa suka kafa ta:
daga nan zuwa ciki, harshen Italiya,
daga nan zuwa waje, abin da gari ya ba ki.

Ni kuwa a bakin ƙofar nake shimfiɗa tabarma,
don haka kunnena yana cin tuwo biyu.
Ta leƙa ciki ta ce wa uwa, akwa.
Ta juyo ta ce, Inna Tabawa, ruwa, na randa, ba na firji ba.
Ƙishi ɗaya ne, riga ya sake a hanya.

Ran nan tsinke ya soke ta.
Ba ta tsaya neman kalmar kakanni ba,
wayyo ta ce, da dukan baki, irin na 'yan Tudun Wada.
Na ga wuƙar uwar ta tsaya a kan tumatir.
Ta yi dariya, amma dariyar ba ta kai ido ba.

Da la'asar kaka take kira a waya,
tsohuwa mai farin kai, cikin rigar sanyi.
Nibes ta ce, Nonna, ina gajiya, ya jiki?
Tsohuwa ta matso da kunne, ba ta kama komai ba.
Ilariya ta ɗaga yatsa ɗaya.
Yarinya ta haɗiye gaisuwar, ta ɗauko daga farko
da harshen da tsohuwa ke iya runguma.

An ce kullum dare uban yana karanta mata littafi,
wanda aka aiko cikin kwali tare da cuku.
Ko an ɗauke wuta, ko sauro na biki,
tocila a hammata, shafi biyu, ba fashi.

Rannan Ilariya ta tsuguna kusa da ni,
da Hausarta mai ɗingishi ta ce,
Tabawa, ɗaya zai cinye ɗaya?

Hannuna ya tsaya a tsakiyar tsaga.

Uwata Bafulatana ce, daga ruga bayan Kufena.
A gidan ubana in ta yi magana sai a kwashe da dariya,
sai ta ninke harshenta ta sa ƙasan akwati
tare da zannuwan da ba a ɗaurawa.
Ba wanda ya kafa mana doka, ba wanda ya ɗaga yatsa.
A ciwon ajalinta Hausa ta gudu daga bakinta,
Fulatanci ya dawo gida.
Kwana uku tana faɗa mini wani abu,
ina riƙe da hannunta ina cewa to, to.
Har yau ban san abin da na amsa ba.

Ban ba Ilariya wannan labari ba.
Na dai ce, kar ki sassauta.
Na gari ba ya bukatar mai gadi,
yana wurin mai gyaɗa, yana wurin 'yan gaɗa.
Naki ne maraya a nan, shi za ki yi wa goyo.
Ni dai ban taɓa kitsa kai da sili ɗaya ba.

Na ƙulle jelar ƙarshe, na miƙa madubi.
Ke bello! in ji Nibes.
Na ce, wane Bello kuma?
Ta ƙyalƙyale, giɓin nan a waje:
Inna, ya yi kyau nake nufi.

Kafin Laraba zai warware, na sani.
Asabar ina tafe da tsinkena.